Kayan Ban-Ruwa na Ɗigo a Lambun Bayan Gida: Abin da Na Gani Cikin Wata 14

Lambun da ke bayan gidana ba shi da girma. Fangali uku ne, kowanne mita ɗaya a faɗi da mita uku a tsawo, sai kuma jerin tukwane a gindin katanga. Duk abin da nake shukawa a ciki na girkin gida ne, wato tumatir da barkono da albasa da latas da karas da kokwamba da na'ana'a, tare da wasu furanni da na tsarma a gefe. Na daɗe ina ba su ruwa da bokiti safe da yamma, kuma aikin bai taɓa gundurata ba, sai dai duk ranar da tafiya ta kama ni ko aiki ya riƙe ni har dare, shukar ce take biyan bashin. Tumatir ne ya fi nuna fushinsa, domin kowace shekara sai wani kaso na 'ya'yansa ya yi baƙin tabo a gindi tun kafin ya nuna, wasu kuma su tsage bayan na dawo na cika musu ruwa don in rama kwanakin da na tsallake. Wannan ne ya sa na sayi ƙunshin kayan ban-ruwa na ɗigo mai haɗe da agogo, kuma yanzu na yi wata 14 ina amfani da shi. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin irin wannan ƙunshi kamfanoni da dama ke haɗa shi a kan tsari kusan ɗaya, kuma abin da zan faɗa ya shafi yawancinsu.

A cikin kwalin akwai babban tiyo mai kaurin milimita 16 da tsawon mita 15, da siririn tiyo mai kaurin milimita 4, da bakunan ɗigo guda 30. Guda 20 daga cikin bakunan an ƙayyade su a kan lita 2 a awa, sauran 10 kuma masu murfi ne da ake murzawa don a ƙara ko a rage ruwan. Akwai mahaɗai na roba, da ƙusoshin da ke danne tiyo a ƙasa, da ɗan tsinken huda tiyo, da agogon da ake ɗaurawa a bakin famfo don ya buɗe ruwa ya rufe a kan lokacin da aka saita masa, wanda ke aiki da ƙananan batira biyu. Takardar bayanin shafi ɗaya ce, yawancinta zane.

Dabarar da ke cikin bakin ɗigo ta cancanci a tsaya a kanta, domin wanda ya fahimce ta zai gane dalilin kusan dukkan matsalolin da za su biyo baya. Idan aka huda tiyo da allura kawai, ramin yakan toshe nan da nan saboda ƙanƙantarsa, ko kuma ruwa ya riƙa tsartuwa da ƙarfi. Abin da injiniya Simcha Blass ya ƙirƙiro a Isra'ila, wanda a kansa aka kafa kamfanin Netafim a shekarar 1965 tare da mazauna ƙauyen manoma na Hatzerim da ke hamadar Negev, shi ne a bi da ruwan ta wata doguwar hanya a cikin ɗan ƙoƙon roba, yadda gogayya da bangon hanyar za ta karya ƙarfinsa kafin ya fito. Ƙunshin da na saya ba na wannan kamfani ba ne, amma bakunansa 20 ɗin nan a kan wannan tunani aka yi su: a cikin kowanne akwai siririyar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, kuma ruwan da ya shiga da gudu yakan fito ɗis-ɗis. Hanya irin wannan tana buƙatar ruwa mai tsabta, tana kuma buƙatar ƙarfin ruwa daidai gwargwado. A kan waɗannan abubuwa biyu takardar bayanin ta yi shiru, kuma nan ne babban laifin da nake ganin ƙunshin yana da shi.

Haɗa kayan ya ɗauke ni yini guda, kodayake rabin lokacin ya tafi ne wajen kokawa da tiyo. Babban tiyon yakan zo a naɗe, kuma ba ya yarda ya miƙe sai an shimfiɗa shi a rana ya yi laushi. Cusa mahaɗi a cikin siririn tiyo kuwa yana cin yatsu, har sai da na gano cewa idan aka tsoma bakin tiyon a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, mahaɗin yakan shige ba gardama, kuma idan ya huce yakan kama gam. Layi ɗaya a takardar bayani da ya isa ya rage wa mai saye wannan wahala.

Da na kunna famfo a karon farko, ba a yi minti biyu ba sai mahaɗai uku suka fice, ruwa ya yi ta feshi a kan katanga. Da farko na ɗora laifin a kan robar, amma daga baya na gane cewa ƙarfin ruwan famfona ne ya fi abin da kayan za su iya ɗauka. Ana auna ƙarfin ruwa da ma'aunin da ake kira ba, kuma tsarin ɗigo irin na gida yakan fi yin aiki daidai a tsakanin ba 1 zuwa ba 2, alhali famfon gidaje da yawa ya zarce haka. Maganin shi ne wata 'yar na'ura mai rage ƙarfin ruwa da ake ɗaurawa bayan agogo, kuma ba ta cikin kwalin. Rage buɗin famfo ba ya maye gurbinta, domin yana rage yawan ruwan da ke wucewa ne kawai, da zarar ƙarfin ruwan unguwa ya ƙaru cikin dare sai matsalar ta dawo. Tun da na saye ta daban na ɗaura, mahaɗi ɗaya bai ƙara ficewa ba.

Wanda zai ja ruwan daga tanki kuwa, matsalarsa kishiyar wannan ce. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da kusan ba 1, saboda haka tankin da aka ɗora a kan dakali mai tsayin mita ɗaya abin da zai bayar, har da tsayin ruwan da ke cikinsa, bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na ba 1 ba. Na gwada hakan da gangar da nake tara ruwan sama a ciki. Bakunan ƙayyadaddu sun ɗiga, amma ƙasa ƙwarai da lita 2 ɗin da aka rubuta musu, agogon kuma ya ƙi buɗewa sosai, domin irinsa yana dogara ne da ƙarfin ruwan wajen ture makarin da ke cikinsa. Akwai agogon da aka yi musamman don tanki, mai makari irin na ƙwallo da ɗan inji ke juyawa, kuma shi ya kamata mai tanki ya nema tun farko.

Akwai gwajin da nake ba kowa shawarar ya yi kafin ya amince da abin da aka rubuta a kwali. A ajiye kofi a ƙarƙashin bakin ɗigo na farko, wani kofin a ƙarƙashin na ƙarshen layi, a bar ruwa ya zuba na minti 15. Bakin da ke ba da lita 2 a awa ya kamata ya tara rabin lita. A lambuna, bayan na ɗaura mai rage ƙarfin ruwa, ƙayyadaddun bakunan sun ba da kusan haka, kuma bambancin da ke tsakanin na farko da na ƙarshe bai taka kara ya karya ba. Masu murfin murzawa kuwa sun ba ni kunya. Ba su da alamar da za ta nuna nawa suke zubarwa, idan aka buɗe ɗaya da yawa sai ya kwashe ruwan na bayansa, kuma bayan 'yan makonni murfin yakan saki da kansa. A ƙarshe na cire su daga fangulan gaba ɗaya na mayar da su kan tukwane, inda kullum idona yake kansu.

Da zarar mutum ya san abin da kowane baki ke zubarwa, saita agogo ya zama lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya ta ruwa daidai take da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Ƙa'idar da masu lambu suka saba farawa da ita ita ce kimanin milimita 25 a mako, wanda a fangalina mai murabba'in mita 3 ya kama lita 75. Idan aka sa wa fangalin bakuna 10 masu lita 2, suna zubar da lita 20 a awa, ke nan ana buƙatar awa 3 da minti 45 a mako, ko kuwa rabin awa da 'yan mintoci a kullum. Wannan mafari ne kawai. A tsakiyar zafi, lokacin da tumatir ya cika da ganye da 'ya'ya, sai da na kusan ninka shi, kuma abin da ya nuna mini haka shi ne tona ƙasar da yatsa zuwa zurfin tafin hannu, ba kallon samanta ba. Saman ƙasar da ake ba ruwa da ɗigo kusan kullum a bushe yake, in ban da ɗan da'irar danshi a gindin kowace shuka, kuma wannan yakan ruɗi sabon shiga har ya ƙara ruwan da ba a buƙata.

Irin ƙasar ma tana da ta cewa. A ƙasa mai yashi ruwan yakan nutse kai tsaye, ya jiƙa siririn wuri mai zurfi, don haka ana buƙatar bakuna kusa da juna da ban-ruwa gajere amma akai-akai. A ƙasa mai laka kuwa yakan bazu gefe da gefe, baki ɗaya ya wadatar da wuri mai faɗi, sai dai idan aka daɗe ana zubawa saiwa takan rasa iska. Fangalina na uku ya fi sauran yashi, kuma sai da na ƙara masa bakuna huɗu kafin barkonon da ke ciki ya daina yaushi da rana.

Inda kayan suka biya ni shi ne wajen tumatir, kuma saboda shi kaɗai ma ban yi nadamar sayen ba. Baƙin tabon nan na gindin tumatir ba cutar ƙwari ba ce, kuma feshin magani ba ya yi masa komai. Yana faruwa ne idan sinadarin kalsiyam bai isa ƙarshen ɗan tumatirin ba a lokacin da yake saurin girma. Sau da yawa sinadarin yana nan a ƙasa, amma shuka tana ɗaukarsa ne a cikin ruwan da saiwa ke zuƙa, saboda haka duk ranar da ƙasa ta bushe, jigilarsa takan tsaya, kuma wurin da ya fi nisa da reshe shi ne yake fara rasawa. Tsagewar 'ya'yan ma daga tushe ɗaya take: ƙasa ta bushe, fatar tumatir ta yi tauri, sai ruwa mai yawa ya zo a lokaci guda, cikin ya kumbura fiye da yadda fatar za ta iya miƙewa. Bokitina ba ƙarancin ruwa yake jawowa ba, rashin tsari ne, yau da yawa, gobe babu. Agogo kuwa ba ya mantuwa kuma ba ya tafiya. A zagayen shuka biyu da na yi da shi, tabon ya ragu har ya zama sai an bincika kafin a ga ɗaya, kuma tsagewar ba ta dawo ba sai a makon da aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

Akwai fa'ida ta biyu da ban yi tsammaninta ba. Cututtukan ganye da dama na tumatir, irin masu sa tabo ruwan ƙasa mai zobe-zobe a ganyen ƙasa, suna yaɗuwa ne idan ganye ya daɗe a jiƙe ko kuma ruwa ya fantsamo ƙasa a kansa. Ɗigo ba ya taɓa ganye, kuma da na lulluɓe fangulan da busasshiyar ciyawa a saman tiyon, ganyen ƙasa ya daɗe yana kore fiye da yadda na saba gani. Ciyawar da ke fitowa tsakanin layuka ita ma ta ragu ƙwarai, tunda ba ta samun ruwa.

Batun tattalin ruwa, wanda shi aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, gaskiya ne amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba ga mai ƙaramin lambu. Alƙaluman da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa a matsayin mizani sun nuna cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan ɗigo yana amfanar shuka, na yayyafi kashi 75, na malala a ƙasa kuma kashi 60. Waɗannan alƙaluma na gona ne. Mai lambun bayan gida da ke zuba ruwa da hannu a gindin kowace shuka dama can ba ya ɓarna sosai, kuma agogon da aka saita ba daidai ba zai iya zubar da fiye da abin da bokiti ke zubarwa, cikin dare, ba wanda ya gani.

Ba kowace shuka ce tsarin ya dace da ita ba. Irin karas ƙanana ne, ana yafa su a saman ƙasa, suna iya ɗaukar mako biyu ko uku kafin su tsiro, kuma a duk tsawon lokacin suna buƙatar saman ƙasar ya zauna da danshi. Bakin ɗigo ba ya yin wannan aiki, don haka layin karas ɗina na farko ya fito gungu-gungu a kewayen bakunan, tsakaninsu kuwa fayau. Haka latas da albasa, waɗanda ake shukawa kusa da juna kuma saiwarsu ba ta nisa. Irin waɗannan sun fi dacewa da tiyon da aka riga aka dasa wa bakuna a ciki a tazarar santimita 20 ko 30, kuma shi ma ba ya cikin ƙunshin. Har yanzu da bokiti mai rariya a baki nake renon iri har ya yi ganye huɗu, sannan in bar wa ɗigo.

Furannin sun koya mini wani darasi na daban game da tsara layuka. Ina shuka marigol da nastashiyam da furen kallon-rana, kuma ba don ado kaɗai ba. Kokwamba tana da namijin fure da macen fure daban-daban, kuma idan ƙudan zuma ba su ɗauki garin namijin furen sun kai wa macen ba, ɗan yakan yi rawaya ya faɗi tun yana ƙarami, saboda haka duk furen da zai jawo ƙudan zuma lambu yana yi wa tukunya aiki. Nastashiyam kuma ana cin furensa da ganyensa, suna da ɗan yaji mai daɗi a cikin ɗanyen ganye. Kuskuren da na yi shi ne na ɗora su duka a layi ɗaya da tumatir. Nastashiyam ya fi yin fure a ƙasa maras taki da ruwa kaɗan, sai ga shi yana shan rabon tumatir kullum, ya yi ganye shar, fure kuwa sai ɗaiɗai. Agogon nan mafita ɗaya gare shi, duk abin da ke kan layin lokaci ɗaya yake samu. Na gyara ta hanyar sa ɗan makunni a reshen da ke zuwa wurin furannin, ina buɗe shi sau biyu a mako da hannu, wanda ya rage wani abu daga amfanin agogon. Wanda ya san zai haɗa fure da kayan lambu, gara ya nemi agogo mai mafita biyu. Game da marigol, ya kamata a rage dogon buri: gaskiya ne saiwarsa tana rage wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwar tumatir ƙulli-ƙulli, amma hakan yakan tabbata ne idan an cika fangalin da shi na wata biyu ko fiye kafin a dasa tumatir, ba idan an tsarma guda uku a gefe ba.

Toshewa ita ce matsalar da ba ta ƙarewa. Matacin da ya zo da kayan wata 'yar raga ce a bakin agogo, wadda ke tare tsakuwa amma ba ta tare lallausan yashi. A wata na uku na tarar da barkono biyu sun yi yaushi alhali maƙwabtansu lafiya lau, da na duba sai na ga bakunansu sun daina ɗiga, kuma ba abin da ya nuna mini sai shukar da kanta. Na sayi mataci na gaske mai ramuka kimanin maikiron 130 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda shi ne aka saba sa wa tsarin ɗigo, ina wanke shi duk mako biyu. Duk wata kuma nakan cire toshiyar ƙarshen babban tiyo in bar ruwa ya gudu na minti ɗaya don ya fitar da laka. Inda ruwa ke da sinadarin da ke barin farin ɓawo a butar dafa ruwa, irin ɓawon nan yakan taru a cikin bakunan, kuma jiƙa su a ruwan khal na dare ɗaya yana narkar da shi. Mai tanki kuma ya tabbata haske ba ya shiga tankinsa, domin gansakuka tana toshe baki fiye da yashi. Sau ɗaya ɓera ya tauna siririn tiyon a tsakiyar zafi, da alama ƙishirwa ce ta kai shi, na yanke wurin na haɗa da mahaɗi cikin minti biyu.

Agogon kansa mai sauƙin sha'ani ne: maɓalli ɗaya na zaɓar sau nawa, ɗaya na zaɓar minti nawa. Batiran farko sun kai ni wata takwas. Abin da ba shi da shi shi ne sanin yanayi, don haka ko ana tsuga ruwan sama zai buɗe a kan lokacinsa, kuma sai mutum ya tuna ya kashe shi. Alamar ƙarewar batir ɗin ma wata 'yar fitila ce da ba a ganinta da rana, shi ya sa nake canza su kafin kowace doguwar tafiya ko da ba su mutu ba. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa da sanyi dole a cire shi a shigar da shi ɗaki, domin ƙanƙara tana fasa shi. Akwai kuma abin da ya shafi lafiyar gida wanda takardar ba ta ambata ba: tiyon da ke kwance a ƙasa mai taki yana haɗe da famfon da ake sha, kuma idan ƙarfin ruwa ya faɗi farat ɗaya, ruwan cikin tiyon zai iya komawa baya. Akwai ɗan makari mai hana hakan da ake ɗaurawa a bakin famfo, kuma bai kamata a haɗa kayan ba tare da shi ba.

Bayan wata 14 babban tiyon yana nan garau, musamman inda ciyawa ta rufe shi daga rana. Ƙusoshin robar kuwa kusan rabinsu sun karye, na maye su da waya mai kauri da na lanƙwasa, siririn tiyon da ke fili kuma ya fara tauri. Ga mai tumatir da barkono da kokwamba da tukwane, wanda ba kullum yake gida ba, ina ganin ƙunshin ya cancanci saye, da sharaɗin ya haɗa da mai rage ƙarfin ruwa da mataci na gaske da makarin hana komawar ruwa a rana ɗaya. Wanda lambunsa latas ne da karas da albasa zalla, tiyo mai bakuna a ciki ya kamata ya nema. Ni dai a zagaye mai zuwa zan sayi agogo mai mafita biyu, in ware wa furannin layinsu, in kuma mayar da na'ana'ar cikin tukunya, domin tun da ta samu ruwa a kai a kai ta bi tiyon ta mamaye rabin fangalin barkono.